Yadda A Ke Renon Ɗan Kwikwiyo

Da an yi kaka, dawa da gero sun shiga rumbu, awaki da tumaki sun yi ƙiba, a sa'an nan ne manoma da yawa su kan tuna da amfanin kare. Sai a ga mutum ya aiki yaro unguwar mafarauta ko rugar Filani a samo masa ɗan kwikwiyo. A kawo shi cikin buhu, a ɗaure shi gindin dalbejiya da guntuwar igiya, in an tuna a jefa masa ƙanzo. Kwana kaɗan ya mutu, a ce kwanansa ne ya ƙare. Wanda ya yi tsawon rai kuwa ya tashi matsoraci, ko mai cizon kowa, ko ɓarawon ƙwai, a ce ai halin kare ke nan. Alhali kuwa yawancin wannan daga reno ne. Abin da kare zai zama, nagari ko na banza, cikin wata shidan farko na rayuwarsa a ke shuka shi.

Amfanin kare ga mutumin ƙauye ba ɓoyayye ba ne. Shi ke ta da maigida in ɓarawo ya taɓa danga, shi ke korar dila daga akurki da biri daga gonar masara, shi ke rage gafiya a bayan rumbu. Ɗan kasuwa mai sito, da akawun da ke zaune bayan gari, su ma sun san daɗin haushinsa da tsakar dare. Malamai sun bayyana cewa an halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da tsaron shuka, sun kuma bayyana cewa duk dabbar da mutum ya tsare, cinta da shanta suna wuyansa. Buzayen Azawak, tsakanin Nijar da Mali, sun daɗe da sanin darajar kare. Nasu dogon nan siriri mai gudun tsiya a zango ya ke kwana tare da su, ya kuwa yi suna, har tun shekarun 1970 Turawa ke ɗibar irinsa zuwa ƙasashensu. To, wanda ya yi niyyar ajiye kare, ga yadda a ke bi.

Kafin haihuwa

Karya ta kan yi kwana 63 da ciki, watau wata biyu da 'yan kwanaki, ko da ya ke ta kan rage ko ta ƙara kwana biyu uku. Cikin mako ukun ƙarshe ne 'ya'yan ke girma da sauri, saboda haka a lokacin ya kamata a ƙara mata abinci, a raba shi kashi uku ko huɗu a yini, gama cikinta ya cika, ba ta iya cin da yawa gaba ɗaya. Saura kamar mako guda a gyara mata wuri, watau lungu busasshe mai inuwa, wanda iska ba ta bugawa, nesa da hanyar yara. A shimfiɗa tsohon buhu ko tsumma mai tsabta. Im ba a yi mata ba, za ta nema da kanta, ta haƙa rami ƙarƙashin rumbu, inda ƙuma da kunama su ke, hannu kuma ba ya kaiwa.

Yawanci karya ba ta bukatar ungozoma. Ita ke yage jakar da ɗan ya fito a ciki, ta yanke cibiya da haƙori, ta yi ta lasarsa har ya yi numfashi. Abin da ya fi mata shi ne a ƙyale ta, kada a taru a kanta. Amma in an ga tana nishi da ƙarfi har kusan awa guda ba abin da ya fito, sai a nemi malamin dabbobi ba da jinkiri ba.

Mako biyun farko

Da ido rufe da kunne toshe a ke haihuwar ɗan kwikwiyo. Ba ya gani, ba ya ji, ba ya iya tsayuwa, da hanci da ɗumin jiki ya ke laluben uwarsa. Abu na farko da za a tabbatar shi ne kowane ɗaya ya kama nono tun a yinin farko. Nonon farin nan mai kauri, wanda makiyaya ke kira dakashi, shi ke ɗauke da garkuwar da uwa ke ba ɗanta daga cututtukan da ta taɓa yi, ko aka yi mata allurarsu. Hanjin jariri kuwa ba ya karɓar wannan garkuwa sai cikin awa 24 na farko, daga nan ƙofa ta rufe. In akwai ƙarami wanda 'yan'uwa ke turewa, a ɗauke shi a ɗora kan nonon baya, su suka fi ruwa.

Abu na biyu shi ne ɗumi. Jikin ɗan kwikwiyo bai iya riƙe zafinsa da kansa ba sai ya kai wajen mako uku ko huɗu. A makon farko wurin kwanansu yana son ɗumi kamar digiri 30, ga shi kuwa daren hunturu a Kano ko Jos ko Damagaram ya kan sauko zuwa rabin haka, ko ma ƙasa. Don haka a kewaye wurin da zana, a ƙara tsumma, a canza shi da zarar ya jiƙe. Wanda aka tarar ya yi sanyi ya daina motsi, kada a ɗura masa komai, domin cikinsa ya tsaya da aiki. A fara naɗe shi cikin tsumma tare da kwalbar ruwan ɗumi, in ya farfaɗo sa'an nan a mai da shi ga nono. Da bazara kuwa zafi ne abin tsoro, kada a bar su ƙarƙashin kwano ko inda rana ke kaiwa da azahar.

Lafiyayyen ɗan kwikwiyo ba shi da aiki sai tsotso da barci. Cikinsa a cike, yana ɗan zabura cikin barci, nauyinsa kuma ya kan ninka cikin kamar kwana goma. Wanda ke kuka ba ƙaƙƙautawa, ko yunwa ce, ko sanyi, ko ciwo. Ido ya kan buɗe tsakanin kwana 10 da kwana 14, kunne ya biyo baya. A hana yara buɗe masa ido da yatsa don ɗoki, wannan ya kan jawo makanta. Ita uwar kuwa, sa'ad da shayarwa ta yi ƙarfi, tana bukatar ninki biyu ko uku na abincinta na kullum, da ruwa kusa da ita dare da rana.

In uwa ta mutu

Wani lokaci mota ta kan buge uwa, ko ta ci guba, ko nononta ya ƙafe. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a nemi wata karyar mai shayarwa, a goga wa marayun tsumman da 'ya'yanta ke kwana a kai don su ɗauki warin gidan, a sa su a tsakaninsu, a tsaya a ga ta karɓa. In babu, sai renon hannu. Nonon karya ya fi madarar saniya maiƙo da ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka madarar saniya zalla ba ta ƙosar da su, ta kan sa su zawo kuma. A manyan garuruwa ana samun garin madara na musamman a shagunan maganin dabbobi. Inda babu shi, a kaɗa gwaiduwar ƙwai guda cikin kofin madarar akuya da aka tafasa ta huce, a ba su da ɗumi-ɗumi, da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, kowace awa biyu ko uku, har da dare. A kwantar da shi rub da ciki kamar yadda ya ke kwanciya jikin uwarsa. In aka rungume shi rigingine kamar jaririn mutum, madara ta kan bi ta huhu ta kashe shi.

Akwai wani abu kuma da mutane da yawa ba su sani ba. Ɗan kwikwiyo ba ya iya fitsari ko kashi da kansa sai uwa ta lashe masa ciki da gindin wutsiya, haka har wajen mako uku. Saboda haka mai renon maraya, bayan kowane ci, ya jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ya shafa masa wurin a hankali har ya yi.

Yaye da tsutsar ciki

A mako na uku su kan fara tsayuwa da tangaɗi, su fara kaɗa wutsiya, haƙoran nono su fara tsirowa. Guda 28 ne, masu tsini kamar ƙaya, da sun fito uwa ta kan fara gudunsu. A nan a ke soma yaye. A dama kunun gero ko na masara mai ruwa-ruwa, ba kanwa, ba sukari, ba yaji, a zuba kindirmo kaɗan da garin busasshen kifi ko dafaffen ƙwai, a ba su a faffaɗan kasko. Ran farko za su fi taka shi da ƙafa, kada a damu. Kullum a ƙara masa kauri, zuwa mako na bakwai sun iya cin abinci sosai.

Tun kafin wannan akwai maganar tsutsa. Kusan kowane ɗan kwikwiyo da tsutsar ciki a ke haihuwarsa, gama akwai wadda ke ratsawa daga jikin uwa ta shiga nasa tun yana ciki, akwai kuma wata ƙarama mai shan jini da ke bin nono. Alamunsu su ne ƙaton tumbi da ƙashin haƙarƙari a waje, da gashi a hargitse, da zawo, in kuma aka ɗaga leɓe a ga dasashi fari fat maimakon ja. Ƙa'idar likitoci ita ce a ba da maganin tsutsa a mako na 2, da na 4, da na 6, da na 8, tare da uwar, daga nan wata-wata har wata shida. Da nauyin jiki a ke auna maganin, don haka a bar wa malamin dabbobi ya faɗi abin da za a ba. Allurar ibamektin ta shanu, wadda waɗansu ke tsira wa kowace dabba da ka, ta kan kashe ɗan kwikwiyo.

Abin bai tsaya ga kare kaɗai ba. Ƙwan tsutsar yana fita cikin kashi, ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa kafin ya nuna. Yaro mai rarrafe ya sa ƙasar a baki, tsutsar ta shiga jikinsa, wani lokaci har ta taɓa hanta ko ido. Maganin wannan tsintsiya ce: a kwashe kashin kare kullum a binne, kafin ƙwan ya nuna, yara kuma su wanke hannu da sabulu bayan wasa da shi.

Zaɓe da ɗaukowa

Kada a raba ɗan kwikwiyo da uwarsa sai ya cika mako takwas. Ko ya iya cin tuwo, akwai sauran karatu. A wasan kokawa da 'yan'uwansa ya ke koyon cewa cizo da zafi: in ya ciji ɗan'uwa da ƙarfi, ɗan'uwa ya yi ƙara ya bar wasan, in ya dami uwa ta yi masa gurnani. Wanda aka cire da wuri ya kan tashi bai san iyakar haƙorinsa ba.

Mai zaɓe ya fara duban uwar, domin hali ya kan bi jini. Sa'an nan ya tsuguna ya tafa hannu, ya ga wanda zai taho yana kaɗa wutsiya. A bar wanda ya maƙale a lungu yana kyarma. A duba ido ba kwantsa, hanci ba majina, gindin wutsiya ba alamar zawo, fata ba ƙuraje. A roƙi guntun tsumman da su ke kwana a kai a taho da shi, ya kan rage kukan daren farko.

Abinci

Daga wata biyu zuwa uku a ciyad da shi sau huɗu a yini, daga nan zuwa wata shida sau uku, bayan haka sau biyu ya isa. Tuwo zalla ba ya gina ƙashi. A riƙa haɗawa da dafaffen wake da aka dame, ko garin ƙuli-ƙuli marar yaji, ko kifi, ko romo da guntayen nama daga wurin mahauta. A ba shi kaskonsa na abinci da na ruwa dabam, kada ya saba da sa baki cikin ƙwaryar gida. Abin da ya rage bayan ya ƙoshi a ɗauke, don kada ya yi tsami ƙuda ya bi.

Akwai abubuwan da ba a ba shi. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare, don haka sauran miya mai albasa da yawa ba nasa ba ne. Goro da cakulan suna bugar masa da zuciya. Dafaffen ƙashin kaza ya kan tsage ya huda hanji. Maganin ciwon kai na mutane kuma guba ne gare shi.

Babba a cikinsu, ga mai dabbobi, shi ne ɗanyen kayan ciki. Mahauta sun san wata jakar ruwa da a kan tarar a huhu ko hantar raƙumi da saniya da tunkiya. Wannan 'ya'yan tsutsa ne. In kare ya ci, tsutsar ta girma a hanjinsa, ya riƙa zuba ƙwanta a makiyaya, dabbobi su ci da ciyawa, mutum ma ya kan ɗauka har ta kai shi ga fiɗa a asibiti. Hakanan tunkiyar da ke juyi wuri guda har ta mutu, sau da yawa irin wannan jaka ce a ƙwaƙwalwarta, in aka jefa wa kare kan, an sake shuka cutar a garke ke nan. Duk kayan cikin da za a ba kare a dafa shi, mai jakar ruwa kuwa a ƙone ko a binne da zurfi.

Lokacin koyon hali

A garin Bar Habo, cikin jihar Men ta Amurka, waɗansu masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun yi shekara goma sha uku suna renon karnuka iri biyar, har da basenji na Afirka ta Tsakiya, suna rubuta halinsu tun daga haihuwa. A 1965 suka buga sakamakon. Abin da suka gano shi ne, daga mako na 3 zuwa wajen na 12 zuciyar ɗan kwikwiyo a buɗe ta ke, duk abin da ya saba da shi a lokacin ya zama nasa, abin da bai gani ba kuwa ya kan zama abin tsoro daga baya. A wani gwaji da aka buga a 1961, an bar 'yan kwikwiyo da uwayensu cikin shinge ba sa haɗuwa da mutum. Waɗanda aka ɗauko aka yi wasa da su suna tsakanin mako biyar da tara suka saba da mutane sarai. Waɗanda aka bari sai mako 14 kuwa suka zama kamar namun daji, ba su sake yarda da mutum sosai ba. Hausawa sun riga sun faɗa, icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Saboda haka cikin waɗannan makonni a nuna masa duk abin da zai zauna da shi: mutanen gida manya da yara, da mai rawani da mai lulluɓi, da jaki da keke da babur, da ƙarar injin niƙa. A riƙa taɓa masa kunne da ƙafa da baki, don ran da za a cire masa kaska ko a yi masa allura. A kai shi wurin kaji da igiya a wuya, in ya zabura zai bi a ja shi a ce "bari", in ya natsu a yaba masa. Kada a taɓa jefa masa mushen kaza ko fasasshen ƙwai, daga nan ɓarayin akurki ke farawa.

Wanda ke son karen garke, ya sa shi ya riƙa kwana cikin 'yan awaki da 'yan tumaki tun yana wata biyu, a ciyad da shi a can, a rage wasa da shi a cikin gida. A ƙasar Namibiya tun 1994 a ke raba wa makiyaya 'yan kwikwiyon wani babban kare na Turkiyya, su tashi cikin awaki, su ɗauke su 'yan'uwa, in sun girma su tsaya tsakaninsu da namun daji.

Horo kuwa kaɗan-kaɗan a ke yi, minti biyar sau biyu ko uku a yini. A ba shi suna gajere, a kira, in ya zo a ba shi ɗan guntun kifi. Kada a kira shi don a doke shi, gobe ba zai zo ba. Da ya farka, ko ya gama ci, a kai shi inda a ke so ya riƙa kashi. Kare ba ya haɗa dukan yamma da laifin safe, abin da zai koya kawai shi ne tsoron hannun ubangidansa. Waɗansu na cewa yanke kunne, ko ba da barkono, ko kulle shi a ɗaki mai duhu, shi ke sa kare zafi. Yankan kunne ba ya ƙara komai sai miki da ƙuda. Karen da aka ƙuntata kuwa ba ya rarrabe ɓarawo da ɗan maƙwabci, ƙarshensa maigida ne a gaban alƙali. Tsaron gida a jininsa ya ke, zai fito da kansa in ya girma.

Kaska da sauran cututtuka

Kullum da yamma a laluba kunne da wuya da tsakanin yatsu a cire kaska, a kama ta daf da fata a ja a hankali, a jefa cikin kananzir. Ban da shan jini, tana sa zazzaɓin da ke farar da dasashi. Kada a yi masa wanka da maganin feshin gona ko ruwan wankan shanu, kada kuma a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa, fatarsa tana tsotsewa, yana kuma lasa. Da damina akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari, tsutsarsa ta huda fata ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. A toshe ramin da basilin, in ta leƙo a matse ta fito, a wanke wurin, a kuma sake masa makwanci busasshe.

Cututtuka biyu ne suka fi share 'yan kwikwiyo. Ɗaya ita ce farbo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978: amai da zawon jini mai ɗoyi, cikin kwana biyu uku ruwan jiki ya ƙare. Ƙwayarta ta kan yi watanni a ƙasa, don haka gidan da ta yi kisa kada a kawo wani sai mai cikakkiyar allura. Ɗayar ita ce distemfa: kwantsa da majina da tari, daga baya farfaɗiya. Allura guda ke tsare su duka biyu. A kan fara ta a mako na 6 zuwa na 8, a riƙa maimaitawa bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawa shi ne garkuwar dakashi ta kan hana allurar farko kamawa, ba a kuwa san ranar da za ta ƙare a jikin kowane ɗaya ba. Kafin a gama, kada a bar shi yawon bola ko cuɗanya da karnukan titi.

Haukan kare

Wannan ita ce maganar da ta fi duka nauyi, gama ran mutum ke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, huɗu cikin goma kuwa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga cizon kare ne. Da alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri. Amma rigakafinsa sananne ne tun 1885, sa'ad da Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza.

A kan yi wa ɗan kwikwiyo allurar haukan kare in ya cika wata uku, a sabunta kowace shekara, a karɓi takardar shaida a adana. In ma'aikata sun zo allurar gayya, a fito da kowane kare, har wanda bai kai wata uku ba. Ana samun allurar a ofisoshin dabbobi na jiha, da asibitocin dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke aiki a can tun 1924, tana yin allurar, tana kuma gwada kan karen da a ke tuhuma. Masana sun nuna in aka yi wa karnuka bakwai cikin goma na gari allura, cutar ta kan rasa hanya. An gwada haka a Njamena ta ƙasar Cadi a 2012 da 2013, ciwon ya ɗauke na watanni, sai da karnukan waje suka sake shigo da shi. Watau aikin na gari duka ne, kuma na kowace shekara.

Ɗan kwikwiyo ma ya kan kamu, don haka wanda yara suka tsinto a hanya a yi hattara da shi. Alamun su ne sakewar hali farat ɗaya, da cizon icce da dutse, da dalala, da sakewar murya. Wani kuwa ba ya faɗa, sai haɓarsa ta saki, baki a buɗe, mutane su zaci ƙashi ne ya maƙale su sa hannu. Kada a kuskura.

Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, nan take a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a shafa aidin in akwai, a tafi asibiti a ranar, a kuma cika alluran da aka rubuta duka. Ɗora gashin karen a kan miki, ko toka, ko barkono, ba ya hana komai. Warkewar miki kuma ba shaida ba ce, domin ciwon ya kan yi wata biyu ko uku a ɓoye, wani lokaci har shekara. Karen kuwa, in ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana goma a gani, a kuma sanad da malamin dabbobi. Shanu da jakuna da awaki su ma suna kamuwa in an cije su.

Wata shida

Daga wata na huɗu haƙoran nono su kan zube, na girma guda 42 su maye, zuwa wata na bakwai sun cika. A lokacin dasashi na yi masa ƙaiƙayi, zai tauna takalmi da tabarma da ragamar doki. A ba shi babban ɗanyen ƙashin saniya wanda ba zai iya fasawa ba, a ɗauke kaya daga gabansa. Macen ta kan fara neman namiji tsakanin wata shida da shekara guda. Wanda ba ya son 'ya'ya ya tsare ta a lokacin, ko ya yi shawara da likita a yi mata aiki, ya fi a haifa a kai bola a zubar, gama waɗannan ne ke zama karnukan titi masu yaɗa hauka.

 Manomin da bai iya rubutu ba ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa ranar haihuwar ɗan kwikwiyon, da ranakun maganin tsutsa da na allura, a liƙa a bangon zaure inda ido zai riƙa kaiwa. Wanda kuma bai tabbata ko an yi wa karensa allurar bana ba, ya tafi ofishin dabbobi mafi kusa ran kasuwa mai zuwa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.